Dokar Mugun Kare: A Duba Halinsa, A Kuma Ji Ta Bakin Mai Shi

Daga wani Jami'in Ilmi

Na san waɗansu masu karatu za su ga kan wannan magana su yi murmushi, su ce ashe malamin nan ya rasa abin rubutawa sai kare. To, ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni zuwa ƙarshe. Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da yara ya san ba abin da ya fi sakakken kare ban tsoro a hanyar makaranta, don yaro gajere ne, fuskarsa daidai bakin kare ta ke, in kuwa ya firgita sai ya ruga, gudu kuwa shi ke ƙara zuga kare.

A wani rangadi da na yi na duba makarantu, na iske hedimastan wata makaranta cikin damuwa. Wani yaronsa ɗan aji uku kare ya yage masa ƙwauri da safe, yana hanyar zuwa. Kafin azahar samarin unguwa sun tare wani kare a lungu, sun kashe shi da sanduna, sun jefa gawar a kududdufi. Mutumin da a ke cewa karensa ne ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Wata tsohuwa kuma da abin ya faru a ƙofar gidanta ta ce ai wanda ya yi cizon ja ne, wanda aka kashe kuwa baƙi ne. Uban yaron ya sayar da tunkiyarsa ya biya kuɗin allurai, ba wanda ya taimake shi da kwabo. Har na bar garin ba wanda ya san ko karen da ya yi cizon mahaukaci ne, ko ma yana nan yana yawo.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ba wanda ya karya wata doka da mutanen garin suka sani, don ba su san da wata doka ba. Ba rajistar da za a buɗe a ga kare na wane ne, ba wurin da za a tsare shi a duba lafiyarsa, ba kuma inda uban yaro ko mai kare zai je ya faɗi ta bakinsa. Inda duk ba a san doka ba kuwa, sanda ce ke yanke shari'a.

AIKIN WA NE?

Wani zai ce wannan aikin Gwamnatin Tarayya ne, ko na Jiha. A'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da yadda a ke kiwon dabbobin gida na sha'awa ko waɗanne iri, da yadda a ke yawo da su. Watau ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, waɗanda suka gaji aikin En'e tun gyaran da aka yi a 1976, su ke da wannan kaya a kansu, kamar yadda kasuwa da mahauta da tashar mota su ke a kansu. Akawun da ke rubuta rasit na rumfar kasuwa, shi ne ya kamata ya rubuta lasin na kare.

Abin kuwa ya ƙara zama na gaggawa, don karnukan garuruwanmu sun sake. A da kare a ƙasar Hausa na mafarauci ne, ko na makiyayi, ko mai gadin gona, siriri ne, yana kuma tsoron jifa. Yanzu a manyan birane masu hali suna sayen manyan karnukan ƙasashen waje don tsaron gida, waɗansu nauyinsu ya kusa na babban mutum. Yawanci a kan bar su a hannun yaron gida wanda bai san yadda a ke horonsu ba, a ɗaure su wuni guda cikin rana, a sake su da dare. Ran da aka manta ƙofa a buɗe, sai a ji labari mara daɗi.

Tun da ya ke tilas wata rana majalisunmu su zauna su rubuta oda a kan wannan, ya kamata mu dubi waɗanda suka riga mu gwadawa. Gani ga wane, in ji mutanenmu, ya ishi wane tsoron Allah.

ABIN DA YA FARU A INGILA

A shekarar 1991 karnuka suka yi wa waɗansu mutane mugun rauni a Ingila, cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara shida a garin Bradford. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka fusata, Majalisa ta yi maza ta zartar da Dokar Mugayen Karnuka cikin 'yan makonni. Dokar ta hana mallakar iri huɗu na kare, wanda aka fi sani cikinsu shi ne fitbul, watau wani kare mai faɗin ƙirji da ƙarfin muƙamuƙi wanda asali aka yi kiwon kakanninsa don faɗa. Sauran ukun na Japan ne da Ajantina da Barazil.

Abu uku cikin wannan doka suka jawo kuka. Na farko, ba a tambayar abin da kare ya yi, siffarsa a ke dubawa, a auna kansa da ƙirjinsa da tsawonsa, in ya yi kama da irin da aka hana, shi ke nan ya shiga, ko da uwarsa da ubansa waɗansu iri ne dabam. Na biyu, mai kare ne aka ɗora wa nauyin ya kawo shaida karensa ba irin da aka hana ba ne, alhali kuwa a sauran shari'u mai ƙara ke kawo shaida. Na uku, in laifi ya tabbata, joji ba shi da zaɓi, tilas ya ce a kashe karen.

Ga misalin inda wannan ya kai su. A 1992 a Landan, wani ya fita da wata karya mai suna Dempsey, tana sanye da takunkumi kamar yadda doka ta ce. Sai amai ya taso mata, ya cire mata takunkumin don kada ta shaƙe. 'Yan sanda suka gani, aka kai magana gaban majistare, aka yanke a kashe ta, ba ta kuwa ciji kowa ba. Aka shekara uku ana ɗaukaka ƙara, watau afil, daga wannan kotu zuwa waccan, karya tana tsare. Sai a 1995 aka sake ta, dalili kuwa shi ne an gano ba a sanar da mai ita ranar shari'ar farko ba, an yanke hukunci a kan dukiyarta ba a ji ta bakinta ba. A 1997 Majalisa ta gyara dokar, ta ba joji ikon ya bar kare da rai in ya ga ba shi da hatsari, bisa sharaɗin a fiɗiye shi, a sa masa lamba, a riƙa fita da shi da sarƙa da takunkumi.

A Belfas kuma, a Ailan ta Arewa, ma'aikatan Majalisar Gari suka kama wani kare mai suna Lennox a 2010, don awonsa ya yi daidai da na fitbul. Masu shi suka ce bai taɓa cizon kowa ba, gwanin da Majalisar Gari ta kira kuwa ya ce kare ne mai hatsari wanda ba a iya sanin abin da zai yi. Aka shekara biyu ana shari'a har kotun afil, mutane daga ƙasashe dabam dabam suna ta rubuce-rubuce, a ƙarshe aka kashe shi a watan Yuli 2012. Ko wane gefe mutum ya bi, ya san shekara biyu ta yi yawa ga maganar kare ɗaya, kuɗin ciyar da shi da na lauyoyi kuwa daga aljihun jama'a suka fito.

To, shin cizo ya ragu? A 2018 wani kwamitin Majalisar Ingila ya bincika, ya tarar yawan mutanen da a ke kwantarwa a asibiti saboda cizon kare ƙaruwa ya yi. Masu son mugun kare kuma ba su rasa dabara ba, suka koma kiwon wani sabon iri, ƙato, da su ke kira XL Bully, wanda sunansa ba ya cikin dokar 1991. Da ya kashe mutane da dama sai aka ƙara shi cikin jerin waɗanda aka hana, daga ran 1 ga Fabrairu 2024 ya zama laifi a Ingila da Wales mutum ya riƙe shi ba tare da takardar izini ba. Shi ma da awo a ke gane shi, namiji daga inci 20 a kafaɗa, mace daga inci 19.

BIRANEN DA SUKA SAKE SHAWARA

A Kanada da Amurka yawanci majalisun gari ne ke yin irin wannan oda, don haka labarinsu ya fi kusa da namu. A Montiriyal, cikin watan Yuni 2016, karen wani mutum ya shiga bayan gidan maƙwabciyarsa ya kashe ta. A watan Satumba Majalisar Gari ta hana kawo sabon fitbul cikin birnin. Ƙungiyar masu hana zaluntar dabbobi ta kai ƙara, wani joji ya dakatar da odar, kotun afil ta mayar da ita. Binciken da aka yi a kan mutuwar matar kuwa ya nuna karen ya taɓa cizon mutane kafin wannan rana, ba a kuwa yi wani abin kirki a kai ba. Da Valérie Plante ta ci zaɓen magajin gari a Nuwamba 2017, sai aka janye hanin a watan Disamba, aka koma ga oda mai duba halin ko wane kare, ko wane iri ne.

A Denba ta Amurka an hana fitbul tun 1989. A farkon 2020 Majalisar Gari ta yarda a sassauta, magajin gari Michael Hancock ya ƙi sa hannu, sai aka mai da magana ga jama'a, suka jefa ƙuri'a a Nuwamba 2020 suka ce a sassauta. Aka shirya mai irin wannan kare ya karɓi lasin na musamman, kada ya riƙe fiye da biyu a gida, in kuwa karen ya shekara uku ba a kawo ƙararsa ba, sai a rubuta shi kamar sauran karnuka. Ƙasar Holan ma ta hana fitbul a 1993, ta janye a 2008, don ba ta ga cizo ya ragu ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa waɗanda suka hana iri ba su da hujja. Suna da ita. Cizon ƙaramin kare da na ƙato ba ɗaya ba ne, wancan ya bar tabo, wannan ya bar gawa. Uwar da aka kashe mata ɗa ba za ta yarda a ce a jira kare ya yi cizon farko sa'an nan a san halinsa ba. Har yau Ingila tana riƙe da haninta, lardin Ontariyo na Kanada ma ya hana fitbul tun 2005. Amma ni abin da na ke tambaya shi ne, wace oda ce za ta yi aiki a garuruwanmu, da ma'aikatan da mu ke da su? Turawa da likitocinsu da littattafan asalin karnuka sun kasa daidaitawa a kan wane kare ne fitbul. Mu da yawancin karnukanmu ba a san ubansu ba, wa zai auna? In aka ce duba-gari ya dubi kare ya faɗi irinsa, an buɗe ƙofar cin hanci ke nan, karen mai kuɗi ya zama halal, na talaka ya zama haram.

MUGUN KARENMU NA FARKO

Akwai kuma wani bambanci babba. Ingila ta daɗe da rabuwa da ciwon haukan kare, mu kuwa yana tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 ko wace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare su ke samunsa, wajen kashi 40 cikin ɗari kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ciwon ya kan ɓuya cikin jiki wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, in kuwa alamunsa suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to, da wuya ƙwarai a tashi. Abin baƙin ciki, tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar da ta cece shi, ga shi yau shekara ɗari da arba'in ke nan yaranmu suna mutuwa da shi.

Saboda haka a wurinmu kare mafi hatsari shi ne wanda ba a yi wa allura ba, ko da ƙarami ne, ko da ramamme ne. Masana sun nuna in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, ciwon ya kan yanke a wurin. Allurar kuwa ba sai an je Turai ba, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ta ke can tun 1924, tana yin ta, can kuma a ke aika kan karen da a ke zato a bincika ƙwaƙwalwarsa. Karen bana, in ji masu magana, shi ke maganin zomon bana. Odar da za mu rubuta tilas ta fara daga wannan ciwo, kada mu kwafo ta wata ƙasa da ba ta san shi ba.

ABIN DA ODAR ZA TA ƘUNSA

Da za a tambaye ni, ga abin da zan ba da shawara.

Da fari, ko wane kare ya sami lasin ko wace shekara, kada kuma akawu ya ba da lasin sai ya ga takardar allura daga malamin dabbobi. A rubuta sunan mai kare da unguwarsa da launin karen cikin rajista, a rataya wa karen lamba a wuya. Kuɗin lasin ya zama kaɗan ƙwarai, wanda mafarauci da manomi za su iya biya, don in aka tsananta sai mutane su ɓoye karnukansu, ko su kore su su zama na titi, abin ya fi da muni. Mai unguwa da dagaci su ne suka san gidan da ke da kare, da su za a yi aikin.

Na biyu, karen da ya ciji mutum kada a kashe shi nan take in ana iya kama shi ba tare da hatsari ba. A tsare shi kwana 10 a asibitin dabbobi ko a wani keji na hukuma. Dalili shi ne, kare ba ya sa wa mutum ciwon sai ƙwayar cutar ta kai ga yawunsa, in kuwa ta kai, zai nuna alama ko ya mutu cikin waɗannan kwanaki. In ya wuce kwana 10 lafiya lau, an san bai sa wa kowa ciwon ba a ranar cizon. Amma wanda aka ciza kada ya zauna jiran kwanakin nan, ya fara karɓar allura tun ranar farko. Samarin da suka jefa gawar kare a kududdufi sun yi zaton taimako suka yi, alhali kuwa shaidar da likita ke bukata suka ɓatar.

Na uku, a raba laifi hawa-hawa. Karen da ke bin mutane a hanya yana tsorata su, a gargaɗi mai shi a rubuce. Wanda ya yi cizo ba tare da an tsokane shi ba, a rubuta shi cikin rajista da sunan mugun kare, daga ranar kada ya fita sai da sarƙa da takunkumi a hannun babban mutum, gidan ya zama da katanga da ƙofa mai rufuwa, a kuma kafa allo a ƙofar gida don baƙo ya sani. Wanda ya yi mugun rauni, ko ya sake cizo bayan an yi masa sharaɗi, a nemi hukuncin kashe shi. A kuma rubuta uzuri a fili: karen da ya ciji ɓarawon da ya hauro katanga da dare aikinsa ya yi, haka wanda aka jefa ko aka buga.

Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙin maganar, nauyi ya hau kan mai kare. Shi zai biya kuɗin allura da na jinya, da kuɗin ciyar da karen a tsare. Wanda karensa ya yi ɓarna sau biyu a hana shi riƙe kare na waɗansu shekaru, don in aka kashe kare aka bar mai shi, gobe sai ya sayo wani ya lalata shi kamar na jiya. Ingila ma ta gane wannan, a 2014 ta ƙara hukuncin wanda karensa ya kashe mutum zuwa ɗaurin shekara 14, ta kuma sa dokar ta shafi abin da ya faru a cikin gida. Manyan karnuka masu nauyi kuwa, ko wane iri ne, ba laifi a sa musu sharaɗin katanga da sarƙa tun kafin su yi kome, don nauyi abu ne da sikeli ke faɗa, ba ya bukatar gardama.

HANYAR AFIL

Na san wani akawu zai ce, duk wannan mun ji, amma afil a kan kare ɓata lokaci ne. Ina ganin ya yi kuskure. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba ko wane mutum haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a yanke hukunci a kan haƙƙoƙinsa, kare kuwa dukiya ce. Karen mafarauci shi ne jarinsa, na makiyayi shi ke tsare masa garke. Ban da wannan, ƙarar kare sau da yawa rigimar maƙwabta ce ta sake kama, mutum yana jin haushin wani saboda iyakar gona ko magudanar ruwa, sai ya huce a kan karensa. Mun kuma ga a labarin da na fara da shi ana iya kama baƙin kare a kan laifin ja. Tarar da aka ci bisa kuskure a kan mayar da ita, amma rai ba ya dawowa.

A Toronto ta Kanada, in ma'aikacin gari ya rubuta kare da sunan mugu, mai shi yana da ikon kai kuka gaban wani ɗan kwamiti da aka kafa don wannan aiki kaɗai, su saurare shi, su tabbatar da odar ko su soke ta. Irin wannan mu ke bukata, mu kuma kiyaye abu huɗu. A ba mai kare takarda mai faɗin laifin da ranar da aka yi shi da sunan mai shaida, da Hausa ko harshen da ya ke ji. Wanda ya kama karen kada ya zauna cikin masu jin afil, don mutum ba ya zama mai ƙara kuma alƙali. A ƙayyade kwanaki, misali mako biyu na shigar da kuka, wata guda na yanke magana, don kada mu maimaita abin da ya faru a Belfas. Sa'an nan muddin ana jiran hukunci karen ya zauna a tsare ko cikin sharaɗi, kada afil ya zama hanyar sakinsa kan titi. Kwamitin ba ya bukatar mutum fiye da uku, likitan dabbobi, da ma'aikacin lafiya, da wani dattijo daga wajen hakimi, wanda bai gamsu ba kuma ƙofar kotun majistare a buɗe ta ke.

Akwai tsoro ɗaya da ni ma na ke da shi, watau kada afil ya zama na masu kuɗi, mai babban gida ya zo da lauya, uban yaro ya zo da hawaye. Maganin wannan shi ne a ba wanda aka ciza haƙƙi daidai da na mai kare. A kira shi ya faɗi ta bakinsa, in kuma ma'aikaci ya ƙi rubuta karen babban mutum cikin rajistar mugaye, shi ma ya iya ɗaukaka ƙara. Zaman ya zama a fili, ba kuɗin shiga, a rubuta hukunci da dalilinsa a littafi wanda kowa ke iya dubawa. A Montiriyal, da an bi ƙararrakin farko yadda ya kamata, watakila da matar nan ba ta mutu ba.

GA 'YAN'UWANA MALAMAI

Kafin majalisu su zauna, mu malamai muna da abin da za mu iya yi gobe da safe, ba sai an ba mu kwabo ba. Mu koya wa yara kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci ko karya tana shayarwa, in kuma kare ya nufo su su tsaya cik, su sauke hannu, kada su ƙura masa ido, kada su ruga. In cizo ya auku, ko da ƙwarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko barkono. A gaya wa yara kada su ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye, yaro da yawa shirunsa ne ya kashe shi. Ko wace makaranta ta ajiye sabulu don wannan, hedimasta kuma ya rubuta ko wane cizo a littafin makaranta, ya aika wa ƙaramar hukuma. Ran 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu a 1895, ita ce ranar da duniya ta keɓe don tunawa da wannan ciwo, ba laifi a ba shi darasi guda a wannan rana.

Ku kuma akawuna, ku ne ke tsara takardun da majalisa ke zama a kansu. Kada ku jira sai kare ya kashe ɗan wani babba, jama'a sun fusata, sa'an nan a rubuta oda cikin dare ɗaya, don sauri ya kan haifi nawa, Ingila ta shekara shida kafin ta gyara abin da ta rubuta cikin 'yan makonni. Ku rubuta ta yanzu da hankali a kwance, ku kira mafarauta da makiyaya da masu manyan karnuka da iyayen yara ku ji ta bakinsu. Yaron nan da na ba ku labarinsa ya warke, yana tafiya da tabo a ƙafa, ubansa kuwa har yau ba a biya shi tunkiyarsa ba. Wanda ya ga gyara a cikin wannan shawara tawa, sai ya rubuto wa Edita mu ƙaru da juna.